Ranar da Na Zauna Ƙirga Maƙalolina a Fannin Glaikobayoloji

Ina cikin shekarata ta 11 da fara koyar da ilimin sinadaran jikin halitta a wata jami'a a jihar Kebbi aka buƙaci in tattara duk abin da na wallafa, domin a aika wa masu tantancewa na waje kamar yadda ake yi wa kowane malami mai neman ƙarin girma. Abin da ya zo mini sabo shi ne an ce a gaban kowace maƙala in rubuta sau nawa wasu masu bincike suka ambace ta a nasu rubutun, in kuma nuna inda na samo adadin. Na ɗauka aikin Asabar da Lahadi ne, sai ga shi ya cinye mini makonni, ya kuma sauya yadda nake kallon aikin da na shafe ƙuruciyata ina yi.

Fannina shi ne glaikobayoloji, wato nazarin sarƙoƙin sukari da ke lulluɓe da ƙwayoyin halitta, waɗanda kuma ke maƙale a jikin furotin da kitse. Ba sukarin shayi ake nufi ba. Bambancin jinin rukunin A da na rukunin B, alal misali, ƙwayar sukari ɗaya ce tak a ƙarshen irin wannan sarƙa. Fannin bai daɗe da samun suna ba, domin a 1988 ne Raymond Dwek da abokan aikinsa a Jami'ar Oksfod suka raɗa masa shi, mujallar da ke ɗauke da sunan kuwa sai a 1990 ta fara fitowa. Ni dai cutar sammore ce ta shigar da ni. A bakin sarƙoƙin da ke kan jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sukari da ake kira sayalik asid, ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke ɗaukowa kuma tana fitar da wani sinadari mai yanke shi. Da zarar an aske wa ƙwayar jini wannan sukari, sai hanta da saifa su ɗauke ta a matsayin wadda ta tsufa su kawar da ita, daga nan saniya ta soma rasa jini tana ramewa. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe a kan wannan batu, kuma a kansa ne marigayi Farfesa Andrew Nok ya karɓi lambar yabo ta kimiyya ta Najeriya a 2009. Da wannan sha'awar na riƙa sammako zuwa kwata a Birnin Kebbi da kular ƙanƙara a hannu, wani lokaci in nausa har Yawuri da Zuru, ina ɗibar jinin shanun Gudali da Bunaji da izinin Sarkin Fawa.

Matsala ta farko da na tarar ita ce sunana. Maƙaloli 21 nake da su, amma rumbunan da ke ƙirga ambato sun raba ni gida uku. A wasu na rubuta sunana da na mahaifina, a wasu na ƙara da sunan garinmu kamar yadda yake a takarduna na makaranta, a wasu kuma editoci sun ɗauki sunan garin a matsayin sunan dangi suka taƙaita sauran zuwa harufa. Wannan tarko ne da ke kama Bahaushe musamman, domin tsarin an gina shi ne a kan mutanen da ke da sunan iyali guda wanda ba ya canzawa. Wata ma'aikaciyar ɗakin karatunmu, Allah ya saka mata da alheri, ita ta zaunar da ni ta buɗe mini lambar ORCID, wadda aka fara bayarwa a 2012, lamba ce mai gurbi 16 da ke bin mai bincike ko da sunansa ya sauya. Ita ce kuma ta nuna mini yadda ake neman Scopus, ɗaya daga cikin rumbunan nan, ta haɗe sunayen wuri ɗaya.

Da aka haɗe su sai adadin ya fito fili. Akwai wani ma'auni da Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, ya ƙirƙiro a 2005, ana kiransa ma'aunin h. Idan aka ce na mutum 10 ne, to yana da maƙaloli 10 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 10. Nawa a rumbun Google Scholar 4 ne. Scopus kuwa, wadda ba ta karɓar kowace mujalla, maƙaloli 6 kawai ta sani daga cikin 21 ɗin. Sai na ɗauki biro na cire wuraren da ni na ambaci kaina, da waɗanda ɗalibaina suka ambace ni a aikin da ni na duba, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Na yi kwanaki abin yana cina, domin na san irin asubar da na tashi da irin kuɗin aljihuna da na zuba a sayen sinadarai.

Abin da na fara yi shi ne neman hujjar kare kaina, kuma hujjojin ba ƙarya ba ne. Fannin ƙarami ne idan aka kwatanta shi da nazarin ƙwayoyin gado ko na cutar daji, saboda haka masu ambaton ma ba su da yawa. Aikinsa yana da nawa, domin sarƙar sukari ba ta da wani rubutaccen tsari da ake kwafo ta daga gare shi irin na furotin, tana reshe kamar bishiya, kuma gano siffarta yana buƙatar na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari wadda ba mu da ita. Maƙalolin bita, masu tattara aikin wasu, su ke kwashe ambato fiye da na ɗakin gwaji; wadda Ajit Varki ya rubuta a 1993 a kan amfanin waɗannan sarƙoƙi a jikin halitta an ambace ta dubban sau. Ma'aunin darajar mujalla, wanda ya samo asali daga aikin Eugene Garfield, shekara 2 kacal yake waiwaya, alhali aiki irin namu yakan ɗauki lokaci kafin a lura da shi. Saboda irin waɗannan dalilai ne masana suka taru a San Faransisko a Disambar 2012 suka tsara sanarwar da ke cewa kada a auna mai bincike da darajar mujallar da ya yi wallafa a cikinta.

Duk wannan na kwashe na kai wa tsohon malamina wanda ya yi ritaya, na zayyana masa ɗaya bayan ɗaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, duk abin da ka faɗa haka yake. Amma ka karanta waɗanda suka ambace ka kuwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, adadinsu kawai na duba." Ya ce in koma in buɗe su ɗaya-ɗaya, in nemo jimlar da sunana ya fito a cikinta, in ga me kowannensu ya ɗauka daga wurina.

A nan ne idona ya buɗe. Fiye da rabin ambaton da na samu daga baƙi a kan maƙala ɗaya ya taru, kuma ita ce wadda ta fi ba ni wahala, wadda masu bita suka mayar mini har sau biyu. A cikinta na faɗi irin kowace saniya da kimanin shekarunta, na bambanta wace ƙwayar sammore ce a jininta, na rubuta awa nawa jinin ya yi a ƙanƙara kafin a auna shi, na kuma jera sakamakon kowace dabba a jadawali maimakon in dunƙule shi. Mai bincike a wata ƙasa yana iya ɗaukar wannan ya kwatanta da nasa. Sauran kuwa, gaskiya ita ce aiki ɗaya ne na yanyanka domin yawan ya cika sharaɗin ƙarin girma. A dukkansu na yi amfani da hanyar da Leonard Warren ya bayyana a 1959, wadda ke fitar da launi ja-ja gwargwadon yawan sayalik asid. Hanya ce mai kyau mai araha, amma jimilla take bayarwa, ba ta raba nau'i. Ga wanda ke cikin fannin, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wane nau'i ne, domin akwai Neu5Ac da Neu5Gc, waɗanda ƙwayar iskar oksijin ɗaya ta raba, kuma shanu suna da na biyun da yawa alhali jikin ɗan Adam ba ya iya haɗa shi. Na yi shekaru ina amsa tambayar da masu fannin suka riga suka wuce.

Na kuma lura cewa ambato iri-iri ne, duk da cewa rumbun ƙirga ɗaya yake ɗaukarsu. Da yawa sun sa sunana ne a jerin gabatarwa don nuna cewa an taɓa yin irin aikin a Najeriya, kuma daga yadda suka rubuta ina shakkar ko sun wuce taƙaitaccen bayanin farko. Biyu ne suka ɗauki alƙalumana suka yi aiki da su. Ɗaya daga cikinsu ya ambace ni ne don ya saɓa mini, yana ganin ban ware shanun da ke ɗauke da cutar kaska ba, wadda ita ma ke rage jini. Ya yi gaskiya, kuma a duk jerin babu ambaton da ya amfane ni kamarsa. A gefe guda akwai wani likitan dabbobi a yankin Zuru da ya taɓa gaya mini cewa jadawalin nan nawa ya sa ya riƙa auna jinin shanu tun kafin rama ta bayyana. Wannan ba zai taɓa fitowa a Scopus ba, kuma ba na ganin ya gaza sauran daraja.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maƙaloli biyu da na bai wa wasu mujallu da suka karɓe su cikin 'yan kwanaki bayan na biya kuɗi, ba tare da gyaran ko wasali ɗaya ba. A lokacin ban san da jerin da Jeffrey Beall, wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, yake fitarwa na irin waɗannan mujallu ba, jerin da aka rufe a farkon 2017. Ɗaya daga cikin mujallun ta ɓace daga intanet gaba ɗaya, kuma ƙa'ida ta hana in sake buga aikin a wani wuri. Jinin shanu na damina guda ya tafi a haka. Kanun maƙalolina ma sun cuce ni, domin sunan gari da na kwata nake sawa a gaba, in bar kalmomin da mai nazarin sarƙoƙin sukari zai nema.

Na miƙa takarduna da adadin yadda yake, ban ɓoye mujallun nan biyu ba, na kuma haɗa da shafi guda da ke bayyana abin da maƙaloli uku mafi ƙarfi suka ƙara wa ilimi. Tun daga lokacin na rage yawan abin da nake fitarwa. Kafin in taɓa kwalba yanzu sai na duba ƙa'idojin MIRAGE, waɗanda aka soma tsarawa a 2011 domin fayyace mafi ƙarancin bayanin da ya kamata mai gwajin sarƙoƙin sukari ya bayar. Ɗalibaina na digiri na biyu kuwa, a makon farko nake sa kowannensu ya zaɓi yadda zai riƙa rubuta sunansa ya tsaya a kansa, ya buɗe ORCID, sannan duk maƙalar da zai ambata sai ya kawo mini ita ya nuna mini shafin da ya ɗauko maganar.

Na rubuta wa mutumin nan da ya saɓa mini, ya kuma amsa da mutunci. Ɗakin gwajinsu yana da na'urar da za ta raba mana nau'o'in biyu, kuma mun rubuta yarjejeniya tun kafin a ɗebi jini a kan wanda sunansa zai zo farko da inda bayanan za su zauna. Wannan karon mun gwada kowace saniya don cutar kaska kafin mu sa ta a lissafi. Samfuran suna cikin firiza mai aiki da hasken rana, muna jiran takardar izinin fitar da su.