Godiya ga waɗanda suka tsaya mini har na haɗiye ƙwayar farko

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Juma'ar da ta wuce aka sallame ni daga jinyar wuni da na shafe mako biyar ina zuwa, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan bar godiyar nan a ciki ba. Da yawanku kun ga na ɓace tun bayan suna, kun ɗauka jego ne ya ɓoye ni. Jegon ne, amma ba irin wanda muka sani ba: ciwon damuwa na bayan haihuwa ne ya kama ni.

A gida mai jego sarauniya ce: ga wankan ganye, ga kunun kanwa, ga mai karɓar jariri ta samu ta runtsa. Ni kuwa a nan Amurka na haihu, a tsakiyar hunturu. Kafin biyar na yamma duhu ya rufa, maigida yana wurin aiki, daga ni sai jaririya. Ko ta yi barci ni ba na iyawa. Abinci ya fita kaina. In zauna ina kallonta ina kuka, ina jin kamar 'yar wata aka ba ni riƙo, sannan in tsani kaina saboda jin hakan. Ranar awon mako shida aka miƙo mini takarda mai tambayoyi 10 kan halin da zuciyata ke ciki. Na so in yi ƙarya, hannuna ya ƙi.

Ba a kwantar da ni ba. Tsarin shi ne in zo Litinin zuwa Juma'a da safe tare da jaririyata, in wuni tsakanin zaman rukuni da ganin likita, kafin la'asar in koma gidana. Wannan na yarda da shi ba musu. Inda na turje shi ne magani.

Wanda ya tashi a Kano ya san abin da nake nufi. Muna yara, in ka cika shirme sai a ce za a kai ka Dawanau, asibitin masu taɓin hankali. A unguwarmu akwai wani bawan Allah da ya dawo daga jinya yana tafiya a sandare, yawu na zuba, kowa ya ce maganin ne. Ga kuma abin da na gani kodin da tiramol suka yi wa samarin layinmu. To shi ne za a ce in sha ƙwayar ƙwaƙwalwa, ina shayarwa? Kwana uku 'yar robar nan mai ruwan lemo da farin murfi tana cikin jakar kayan jaririya, ƙarƙashin famfas. In taɓa ta in ji ƙararta, in janye hannu.

Godiyata ta farko ga nas ɗin da ta gano. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ja kujera ta ce in faɗa mata abin da nake tsoro ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa a takarda, sannan ta ce in riƙe takardar mu shiga wurin likita tare. Wallahi har labarin mutumin unguwarmu sai da ta rubuta.

Likitar kuma, Allah ya ƙara mata haƙuri. Ta ce ba ta san abin da aka ba shi ba, amma sandarewar jiki da zubar yawu an fi saninsu da wasu magunguna na wata cuta daban, ba su haɗa dangi da nawa ba. Nawa sertraline ne, tun 1991 ake amfani da shi a ƙasar nan, kuma yana cikin waɗanda aka fi zaɓa wa masu shayarwa don abin da ke shiga nono kaɗan ne ƙwarai. Za mu fara da miligiram 25, in jiki ya karɓa a koma 50. Abin da ya sa na yarda da ita shi ne ba ta yi mini daɗin baki ba. Ta ce zan iya jin tashin zuciya da ciwon kai a makon farko ko na biyu, kuma amfaninsa kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya bayyana sosai. Ba ya sa maye, ba a kwaɗayinsa kamar kodin, amma ba a yanke shi rana ɗaya, sai an rage a hankali. Har gargaɗin da ke jikin takardarsa ta karanta mini, na tunanin cutar da kai ga 'yan ƙasa da shekara 25, duk da na wuce. Ta ce in irin wannan tunani ya zo cikin dare, in kira 988, layin agajin gaggawa na masu irin wannan tunani a nan Amurka. Sai ta ƙara da cewa, "Gobe ma kina nan, jibi ma kina nan. Duk abin da kika ji za mu gani da idonmu." Wannan maganar ce ta kwance ni. A gabansu na sha, da ruwa a kofin takarda, hannuna na rawa.

Tashin zuciyar ya zo kuwa, kwana shida. Wata a rukuninmu, wadda ta riga ni da mako biyu, ta ce in riƙa sha bayan na ci wani abu. Ya taimaka. Matan nan ba zan faɗi ko kamanninsu ba, amana ce tsakaninmu, amma sun san kansu.

Baban yarinya, kai ma tsoron kake ji, na sani, don na kama ka da tsakar dare kana karanta takardar maganin da fitilar waya. Duk da haka ka canja lokacin aikinka, kullum kai ke kai mu. Allah ya bar zumunci. Liman ɗin masallacinmu, da maigida ya same shi a ɓoye, ya tuna mana hadisin cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ya ce a sha magani, a ci gaba da azkar, babu wanda ke korar wani. Wadda ta ce mini rashin tawakkali ne, na yafe, amma na ji zafi.

Hajiyata ita na fi jin tsoron faɗa wa. Na yi ta kewaye-kewaye a waya, ta yi shiru, can ta ce, "Ke da Allah, ni ba kullum nake shan na hawan jini ba?" Daga baya take ba ni labarin yadda ta yi wata biyu tana kuka a ɓoye bayan haihuwar Yaya. Shekara talatin da wani abu ba wanda ya taɓa ji.

Sai Anti ta bene na uku, 'yar zangon Kumasi, wadda ba ta taɓa tambayata ina nake zuwa ba, sai dai in dawo in tarar da kular tuwo a bakin ƙofa.

Ban ce na warke sarai ba. Barci ya fara dawowa, sai cin abinci, kuma makon jiya yarinyar ta yi mini dariya na ji ta har cikin raina. Yanzu kwana uku a mako zan riƙa zuwa, maganin kuma zan ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan na ji daidai, sai yadda likita ta ce. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗaga ba ku yi haƙuri, zan bi ku ɗaya bayan ɗaya. Anti, kulolinki biyu suna wurina, gobe in sha Allahu zan hauro da su.