Albarka iri uku, da la'adar Baba

Shafi tara kawai na karanta wa Baba daga rubutun fim ɗina ya ɗaga mini hannu. Muna zaune a zaurensa bayan la'asar, ni da takarduna, shi da carbinsa da 'yar rediyonsa. Na kai daidai inda tsohon mai shago ya zaunar da yaronsa yana yi masa nasiha kan gaskiya da riƙon amana, shafi guda da rabi babu ko numfashi. Na kwana uku a kan wurin nan, kuma a ganina shi ne gishirin fim ɗin.

"Ɗana, wanga tsoho naka malami na ko ɗan kasuwa?"

Na ce ɗan kasuwa ne, Baba.

"To ni dai tun ina yaro nike kasuwa, ban taɓa ganin ubangidan da yab bar ciniki yat tsaya wa'azi ba. In wa'azi shika so, shi tahi Masallacin Shehu."

Baba aminin marigayi mahaifina ne. Ya fara da yaron shago a Tsohuwar Kasuwa, ya ƙare da dillancin yadi a Babbar Kasuwar Sakkwato, har gwiwa ta zaunar da shi. Ni kuwa shekara uku na yi a shagon kawuna bayan sakandare, na gudu na kama ɗaukar bidiyon biki da suna. Daga nan sha'awar fim ta shige ni. Abin da nake so ɗan ƙarami ne: labarin tsohon mai sayar da yadi da yaron da aka kawo masa koyon kasuwa, babu waƙa, babu rawa, babu soyayya. Kuɗin kuwa kwasar adashina ce da abin da na samu daga sayar da babur. Na je wurin Baba ne don ya nemo mini aron shago, ban je neman gyaran rubutu ba. Amma wanda ya je rijiya da ƙishirwa ba ya raina guga.

Na tambaye shi, to yaya ubangidansa ya koya masa? Ya ce ba a koya masa ba, an dai bar shi ya gani. Shekararsa ta farko shara, ɗebo ruwa, ninke yadi da aike. Ranar da aka fara barinsa ya yi ciniki, wani Buzu ya taya shadda ƙasa da kuɗin da aka saro ta, shi kuma don ɗoki ya ce ya sallama. Ubangidan yana zaune a kan buzunsa, yana ji, bai tanka ba. Da mutumin ya tafi bai yi faɗa ba. Sai da magariba ta kawo kai, ana shirin rufewa, ya miƙa masa littafi ya ce ya fitar da uwa ya fitar da riba. Ya lissafa sau uku, riba ba ta fito ba, uwar ma ta gutsure. Ya ce bari ya bi mutumin, ya san masaukinsa. Ubangidan ya ce, "Ka sallama, an sallama." Iyakar abin da aka faɗa masa ke nan, kuma har ya tsufa bai sake furta kalmar nan ba sai ya yi lissafi a zuci.

A daren na yage shafi guda da rabin nan. Fitowar da ta maye gurbinsa kalma huɗu ce kacal a bakin tsoho, sauran duk ƙarar takardar littafi ne da hannun yaro yana rawa.

Baba ya haɗa ni da wani mai shago a layin 'yan yadi, muka je muka gai da shugabannin kasuwa da goro. Wannan gaisuwar ita ta cece mu daga baya, don mun shiga aiki a ƙarshen Janairun 2023, ana saura 'yan makonni zaɓen 25 ga Fabrairu, kuma duk wanda ya ga kyamara sai ya ɗauka ko 'yan siyasa ne suka turo mu ko masu haraji. Sharaɗin da aka gindaya mana biyu ne: kada mu tare hanya, kada fuskar matar kowa ta shiga hoto ba da saninta ba. Na zaɓi lokacin ne saboda hazon hunturu yana tausasa haske, kuma ina so mu gama kafin zafin Maris da Afrilu, da cinikin azumi, lokacin da babu mai shagon da zai ba ka ko taku ɗaya.

Wanda ya fito a matsayin tsohon, malamin firamare ne mai ritaya da ya taɓa yin wasan kwaikwayo a rediyo. Murya kamar ganga, amma hannunsa bai san yadi ba. Kwana biyu na farko ba mu ɗauki komai ba, Baba ne ke zaune a kan benci yana horar da shi. Yadda ake zaro turmi daga tsakiyar jeri ba tare da na sama ya zubo ba. Yadda ake warware shi da girgiza ɗaya ya kwanta a kan hannu, ya fuskanci hasken ƙofa. Ba a fara nuna wa mai saye mafi kyau, ana ajiye masa uku, a dubi wanda idonsa ya koma kai sau biyu. In mutum ya zo da ɗan rakiya, ɗan rakiyar ake fara rarrashi, don shi ne mai ɓata ciniki. In mai saye ya taya, ka ce albarka ka yi shiru, ka kama ninke wani abu. Wanda ya fara magana bayan tayi shi ke ragewa.

Albarkar ma, in ji Baba, iri uku ce. Akwai wadda ake faɗa ana murmushi, ma'anarta matso kaɗan mun kusa. Akwai wadda ake ja, ana girgiza kai, ma'anarta da sauran tafiya. Akwai kuma gajeriya wadda ake faɗa ana mayar da yadi kan kanta, wannan ta rufe ƙofa. Shekara uku na yi a shagon kawu ina jin su kullum, ban taɓa rarrabe su ba. Wataƙila shi ya sa kawu bai yi wani dogon bikon dawowata ba.

Wahalar da ban yi wa tanadi ba ita ce sauti. Janareta a dama, janareta a hagu, 'yan kabu-kabu, masu amalanke suna ihun a ba su hanya. Muka koma fara aiki da sanyin safiya kafin kasuwa ta cika, muka ɓoye ƙaramin makirfo a cikin rigar kowane ɗan wasa, sai kuma shadda mai sitati ta riƙa ƙara duk sanda mutum ya motsa. Dole muka sauya wa malam tufafi zuwa tsohuwar riga da ta sha wanki, wadda ma ta fi dacewa da shi. Wani kuskuren kuma nawa ne ɗungurungum. Mun ɗauki rabin wata fitowa ranar Talata, muka dawo Alhamis don ƙarasawa, ashe mai shago ya sayar da atamfofin da ke bayan 'yan wasa. Ban ce masa ya ajiye ba, shi kuma ba don fim ya buɗe shago ba. Wanda ya lura sosai zai ga jeri ja ya koma shuɗi a tsakiyar magana.

Sai kuma ƙarancin kuɗi ya rufto mana. Tun watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma babu su a hannu. Ga kuɗi a asusu, ga mai abinci ta ce ita dai tsaba. Wata rana mai ɗaukar sautinmu ya yini a layin banki maimakon wurin aiki. A kasuwa kuwa ciniki ya koma tura kuɗi ta waya, kuma a nan na ga abin da babu shi a rubutuna. Mai shagon da ya ara mana wuri, dattijo da gemunsa, ya daina iya sallama shi kaɗai. Sai ya waiwayi yaronsa ɗan shekara sha tara, yaron ya duba waya ya ce sun shigo, sannan a miƙa kaya. Wata rana yaron ya ƙi sakin kaya duk da mai sayen ya nuna saƙo a wayarsa, ya ce sai ya gani a asusu, domin ana yin saƙon ƙarya. Dattijon ya ji kunyar mutumin ƙwarai, amma bai tsawata wa yaron ba.

Da rana ta yi, bayan azahar, na hango su a lungun bayan shago. Dattijon ya ja yaron can inda maƙwabta ba za su gani ba, ya sa tabarau, yana cewa ya nuna masa inda ake dannawa. Yaron ya durƙusa yana riƙe da wayar da hannu biyu, kansa a ƙasa, kamar shi ake koya wa. Ban ɗauke su ba, bai kamata ba. Washegari na nemi izinin dattijon, ya yi dariya ya ce in dai ba sunansa, muka sake yin abin da 'yan wasanmu. Ita ce fitowar da aka fi yi mini magana a kanta.

Abokaina na Kano da suka taya ni tace hoto sun so a sake ɗora muryoyi da Kananci. Hujjarsu ita ce masu kallo sun saba jin Sakkwatanci a bakin ɗan barkwanci, za su yi dariya inda ba wurin dariya ba. Na ƙi. Tsohon da ya ce "mi kac ce?" a layin 'yan yadi ba wasa yake yi ba, haka uwarsa ta haife shi yana ji. Na yarda cewa hakan ya rage mana masu kallo. Mun sa shi a YouTube, inda ake neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara kafin ka fara cin kuɗin talla, kuma mun daɗe ba mu kai ba. Babur ɗina dai har yau bai dawo ba.

Bayan ƙaramar Salla na kai wa Baba fim ɗin a kwamfuta, aka tara tsofaffin abokansa huɗu a zaure. Sun kalla shiru, ban da inda malam ya ja albarka ta biyu, nan suka kwashe da dariya gaba ɗaya, ɗaya ya ambaci sunan wani da ya rasu tuntuni ya ce wallahi shi ne. Da aka gama na jira yabo. Baba ya ce akwai gyara: tsohona ya ƙirga kuɗi yana fuskantar hanya, ɗan kasuwa kuwa juya baya yake yi. Ba zai gyaru ba, an riga an saki.

Na tattara wayoyina zan tashi, ya ce in dakata.

"Wa yah haɗa ka da mai shago?"

Na ce kai ne, Baba.

"Ciniki ya faɗa?"

Na ce ya faɗa.

"To ina la'adata?"

Na ce ai fim ɗin bai kawo ko sisi ba. Ya ce wannan tsakanina ne da kasuwa, dillali ba ruwansa da riba ko faɗuwa. Na ciro waya na ce ya ba ni lambar asusun jikansa. Ya girgiza kai. Na laluba aljihu na samu tsohuwar naira 200, irin wadda Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓa. Ya ɗaga ta ya duba a hasken ƙofa, ya juya mini baya, sannan ya sa ta a aljihun gaba.