Kanari na so, ɗan Ostareliya na ƙare da shi

Da kanari na taso. Babanmu yana da keji biyu rataye a zaure a Fagge, kuma tun kafin in iya karatu na san muryar kowanne. Shi ya sa da aka ce in zaɓi tsuntsun da zan yi binciken digiri na biyu a kansa, kan yadda tsuntsu ke koyon waƙa, ban shawarci kowa ba. A Legas nake karatun, don haka na hau mota sai Agege, wurin wani dattijo mai sayar da tsuntsaye, na dawo da kanari huɗu ina ta murna.

Malamin da ke duba aikina ya leƙa kejin, ya yaba kyansu, sannan ya tambaye ni wa ya koya musu waƙar. Na yi tsuru-tsuru. Manya ne, a daji aka kamo su, ba wanda ya san abin da suka ji suna ƙanana. Ni kuwa tambayata duk a kan ƙuruciyar take.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Takardun da suka ruɗe ni na Fernando Nottebohm ne na Jami'ar Rockefeller a Amurka, wanda ya nuna a 1981 cewa sashen waƙa a ƙwaƙwalwar namijin kanari yana girma a lokacin sheƙa da ƙwai, ya ragu bayansa. Amma nasa kanarin na gida ne, mai asali daga tsibiran Kanari, namu mai rawayan goshi dangi ne kawai. Kuma tsawon yini ne ke juya wancan tsuntsu. A Legas, tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta ba a kai awa guda ba. Sai dai in ƙirƙiro masa bazara da hunturu da fitila mai agogo, a garin da ake ɗauke wuta ba sallama.

Na ɗan duba bengalis, wani ɗan tsuntsun keji wanda aka daɗe ana kiwonsa a Japan. Shi yana sauya jerin gaɓoɓin waƙarsa, ya dace da mai binciken tsari. Ba tambayata ba ce, na wuce.

Haka na ƙare da zebira finci, ɗan Ostareliya. Namijin yana da kunci ruwan lemo da zane baƙi da fari a maƙogwaro kamar jakin dawa, macen toka-toka ce, kuma ba ta waƙa. A ƙasarsu ruwan sama suke bi su yi sheƙa, don haka a keji in akwai gero da ruwa da ɗan dafaffen ƙwai, ba ruwansu da wata. Mako biyu ƙwai ya ƙyanƙyashe. Ɗan yana sauraron uba tun yana da kamar kwana 25, ya shiga gwalan-gwalan irin na jariri, wajen kwana 90 waƙar ta zauna, da ita zai mutu. Ɗalibin da ke da shekara biyu kacal ba zai samu abin da ya fi wannan ba.

Amma daɗin murya, babu. Ranar da na mayar da kanarina Agege na kunna wa dattijon waƙar zebira fincin a waya. Ya saurara, ya karkace kai, ya ce, “Ɗana, wannan ai ba waƙa ba ce, ƙofa ce ke neman mai.”

Dariyar da na yi ba ta daɗe ba. Zagayen farko na jera keji shida a ɗaki ɗaya saboda ƙarancin wuri. Bayan wata uku na buɗe hoton sauti a kwamfuta, ina kwatanta ɗa da uba gaɓa-gaɓa, sai ga wata gaɓa mai gangarowa a waƙar wani ɗa daga keji na biyu, wadda ubansa bai taɓa yi ba. Kwana biyu ina nema kafin in same ta a bakin namijin keji na biyar, wani mai surutu da ba ya rufe baki. Yaron ya tsallake ubansa ya ɗauko ta maƙwabci. Wata uku sun tafi a banza, don ba zan iya cewa wa ya koya wa wa ba.

Da na ba Baba labari ko mamaki bai yi ba. Ya ce, “To da ka tambaye ni mana. Mu ma in muna son ƙaramin kanari ya iya, kusa da gwani muke rataye shi, mu nisanta shi da mai mummunar murya.” Abin da na karanta a takarda ban ɗauka da muhimmanci ba, shi shekara da shekaru yana cin abinci da shi. Na ji kunya, gaskiya.

Daga nan kafinta ya haɗa mini akwatunan katako, muka liƙe cikinsu da soso, kowane iyali da nasa. Naɗar sauti kuma sai da sassafe, a ɗan tsakanin da maƙwabta suka kashe janareto kafin yaran mota su fara kiran fasinja, kuma daidai lokacin ne tsuntsayen suka fi waƙa.

Har yanzu akwai wanda ke raina. Jan tsuntsun nan da ke tsintar tsaba a tsakar gida, wanda a gidanmu muke ce wa baiwar Allah, akwai wani ɗan baƙin tsuntsu da ke saka masa ƙwai a sheƙa, ɗan ya tashi yana kwaikwayon waƙar wanda ya rene shi. Wani masanin tsuntsaye, Robert Payne, ya daɗe yana bin wannan dangi, har ya bayyana sabon nau'in jan tsuntsun daga duwatsun Jos a 1998. In Allah ya sa na ci gaba, can zan nufa, ba keji ba soso.

Kanari ɗaya dai ban mayar ba. Yana ɗakina a Idi-Araba, nesa da akwatunan, inda babu yaron da zai ji shi.