Shekara tara ina kula da gine-gine kafin na zauna jarrabawar PMP

Na shafe shekara tara ina kula da ginin azuzuwa da haƙar rijiyoyin burtsatse kafin na yi rajistar jarrabawar PMP, wato ta samun takardar shaidar ƙwarewa wajen jagorantar ayyuka, a 2023. Cibiyar PMI ta Amurka ce ke ba da wannan takardar shaida, kuma mai digiri sai ya nuna ya jagoranci ayyuka na wata 36, ya kuma samu horo na awa 35, kafin a bar shi ya zauna. Na cika sharuɗɗan har da rara, shi ya sa na ɗauka abin zai zo mini da sauƙi.

Gwajin farko da na yi wa kaina a gida ya nuna mini ba haka ba ne. Lissafin bai ba ni wahala ba, tambayoyin yanke shawara ne suka kayar da ni. Misali, ana tsakiyar gini mai aikin ya ce a ƙara ɗaki ɗaya, me za ka fara yi? Ni na saba in kira ɗan kwangila nan take mu daidaita. Abin da ake nema shi ne ka fara auna abin da ƙarin zai ci na kuɗi da lokaci, ka rubuta buƙatar canjin, ka miƙa wa masu ikon amincewa, kafin a ɗora bulo ko ɗaya. Nan na tuna wani gini da kuɗinsa ya ƙare ba a kai ga rufi ba. Irin wannan "a ɗan ƙara mana nan" ne ya cinye shi, kuma ni ne na riƙa amincewa da baki. Har yau abin yana damuna.

Kusan rabin tambayoyin sun shafi tsarin ajayil, wato aiki zango-zango ana gyara a hanya, wanda ban taɓa yi ba. Shi na ba wa lokacin bayan sallar asuba, wata uku cur.

A 2023 jarrabawar kanta tambaya 180 ce cikin minti 230, da hutu biyu na minti goma-goma. Wanda ya saba yawo a filin aiki, zaman kaɗai ya ishe shi gajiya, don haka duk Asabar nake zama cikakken gwaji ina kallon agogo.

Na ci. Makon da na koma aiki wani shugaban makaranta ya nemi a sauya wurin ƙofa. Na ce ya ba ni kwana biyu, na dawo masa da takarda mai ɗauke da farashi.