Yadda muke shirya ranar al'adu da haƙƙin mata a makarantarmu ta Jidda

Ina cikin kwamitin malaman da ke shirya wannan biki a wata makarantar ƙasa da ƙasa a Jidda, inda 'ya'yan Hausawan Najeriya da Nijar ke aji ɗaya da 'yan Sudan, Masar, Pakistan, Indiya da Indunusiya. Babban abin da na lura da shi shi ne, muddin aka haɗa al'adu da haƙƙin mata a rana ɗaya, abinci da kwalliya ne ke cinye ranar, maganar mata ta koma jawabin minti biyar da ake yi mutane na layin shinkafa. Shi ya sa muka daina ware mata lokaci na dabam, muka cusa ta cikin rumfar kowace al'umma.

Sai an fara duba kalanda. Ranar mata ta duniya 8 ga Maris ce, amma a 2025 ta faɗo cikin azumi, kuma ran Asabar, ga shi Juma'a da Asabar ne hutun mako a Saudiyya tun 2013. Akwai kuma 21 ga Mayu, ranar bambancin al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sai dai lokacin zafin Jidda ya kankama, jarrabawa kuma ta ƙarato. Mun fi son farkon Fabrairu, lokacin da filin makaranta ke zaunuwa. A miƙa wa shugaban makaranta cikakken jadawali da wuri, domin neman izinin hukumar ilimi ba a yin sa a mako guda.

Sharaɗinmu ga kowace rumfa: mace ɗaya, shekara ɗaya, da abin da ya canja saboda ita, ɗalibi ya faɗa da bakinsa cikin minti biyu ba tare da duba takarda ba. Rumfar Hausa takan ɗauki Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da tsarinta na 'Yan Taru, inda take naɗa jaji, wato malama mai jagorantar mata, ta ba ta malfa ta shiga ƙauyuka karantar da mata. Yarinya ta sa malfar ta yi bayani, ya fi allo goma shiga kai. Hajiya Gambo Sawaba ta dace da manyan aji, don ta nan ake kaiwa ga cewa matan Arewacin Najeriya sai a shekarun 1970 suka samu damar jefa ƙuri'a. 'Yan Sudan kan kawo Fatima Ahmad Ibrahim, mace ta farko a majalisar ƙasarsu a 1965. Rumfar masu masauki kuwa ba ta rasa abin faɗa: makarantar 'yan mata ta Dar al-Hanan da Sarauniya Iffat ta kafa nan Jidda, zaɓen ƙananan hukumomi na 2015 da mata suka shiga, ba mata izinin tuƙin mota daga 24 ga Yuni 2018, da Rayyana Barnawi da ta je tashar sararin samaniya a Mayu 2023. Wannan sunan na ƙarshe yaranmu na Borno ba sa bari a wuce shi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: ranar da aka ce ta mata ce, iyaye mata ne ke kwana suyar masa. Mun mayar da rabon abinci, jidar kujeru da shara hannun iyaye maza da samari, an rubuta sunan kowa a jadawali. In ba a rubuta ba, Alhaji zai zo ya ɗauki hoto ya tafi.

Abinci na ɗanɗano ne, ba na ƙoshi ba. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yana ba da ƙananan kofuna kusan 30. Kowane kwano a manna masa takarda da Larabci da Turanci mai nuna abin da ke ciki, musamman gyaɗa, saboda akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarta: tana cikin kilishi da yajin tsire, tana cikin dakwar 'yan Sudan, tana cikin miyar tsiren Indunusiya. Kada a jona na'urorin ɗumama abinci uku a soket ɗaya. Wuta za ta ɗauke, ta tafi da lasifika.

Tutar Saudiyya tana ɗauke da kalmar shahada, don haka ba a buga ta a kek, balan-balan ko kofin da za a yar. Taswira ma a bar ta gaba ɗaya, a yi amfani da tuta da suna kawai, in ba haka ba iyakar Kashmir tsakanin Indiya da Pakistan ko ta Halayib tsakanin Masar da Sudan za ta haɗa iyaye gardama a gaban yara.

Sai hoto. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ko tarar da ta kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Muna tura wa iyaye takardar amincewa tun kafin ranar, yaran da ba a yarda a ɗauka ba a ɗaura musu jan zare a hannu, mai hoto ɗaya ne na makaranta, kuma mai gabatarwa ya riƙa tunasarwa a lasifika bayan kowace rumfa, don baƙi ba lokaci ɗaya suke isowa ba.