Awa 48 bayan an kashe fitila

Da na fara koyon aiki a sashen cututtukan fata, hankalina duk yana kan fitilar da ake haska wa masu kurajen fuska. Sai da na yi makonni ina shafa wa mutane man da ake sa wa fuska kafin a haska fitilar, sannan na gane cewa fitilar ashana ce kawai, itacen yana cikin fata.

Man yana ɗauke da wani sinadari da ake kira ALA, wato aminolevulinic acid. Idan ya ratsa, jiki ne da kansa ke juya shi zuwa furotofofirin, wani sinadari mai amsa haske, wanda ke taruwa a jakunkunan maiƙon fata. Da haske ya same shi sai ya haifar da wani nau'in oksijin mai ƙuna, ya kashe ƙwayar cutar da ke haddasa kurajen, ya rage ƙarfin jakunkunan. Ita ma ƙwayar, Cutibacterium acnes, tana yin irin wannan sinadari, shi ya sa shuɗin haske mai nanomita 415 (ma'aunin tsawon zangon haske) ke taɓa ta ko ba a shafa komai ba. Jan haske, mai wajen nanomita 630, ya fi shiga cikin fata. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ALA a 1999, amma don wata cutar fata da rana ke jawowa. Kan kuraje, likita ne ke aunawa ya yanke.

Duk wannan na haddace shi. Abin da ban riƙe da muhimmanci ba shi ne cewa sinadarin ba ya ƙarewa don an kashe fitila.

Wata budurwa ce ta koya mini. Na sallame ta cikin gaggawa, na ce kawai ta guji rana. Ta ji maganata, ba ta fita ba, amma ta wuni tana karatu a bakin taga. Bayan kwana biyu ta dawo fuska a kumbure, tana saɓa. "Sista, wallahi ban taka waje ba," in ji ta. Gaskiya ta faɗa, ni ce na gajarta bayani. Kumburin ya sauka, sai dai baƙar fata takan mayar da martani ga ƙuna da baƙin tabo, kuma nata ya yi watanni. Ita da ta zo don ta daina ɓoye fuskarta! Har yanzu abin yana ci mini rai.

Tun daga nan nake zama in faɗa dalla-dalla: awa 48, ba rana, ba bakin taga, ba fitila mai ƙarfi, kuma man kare rana na yau da kullum ba ya tare hasken da ido ke gani. Ina tambaya ko mutum yana shan dokzisaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, don yana sa fata saurin ƙonewa da haske. Masu toshewar ƙofofin gashi mai baƙin kai ina gaya musu tun farko cewa wannan hanya ta fi aiki kan kuraje masu ja da kumburi. Idan kuma fatar mutum ta yi duhu sosai, kafin in buɗe man nakan koma wurin likita mu sake duba tsawon lokacin da za a bar shi a fuska.