Yadda muka toshe wa masu kutse hanya a na'urorin awon ruwa

A wata tashar tace ruwa a Zamfara muka yi aikin. Na'urori uku ne: mai awon kulorin, mai awon laka, da mai nuna cikar tanki. Duka suna kai wa PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injina, bayani, shi kuma modem mai sim yana turawa ofis.

Farko muka duba lambar sirri. Wadda ta zo daga kamfani ce, ɗan kwangila bai taɓa canza ta ba. Irin wannan sakaci ne ya sa aka yi kutse a tashar ruwa ta Aliquippa a Amurka a Nuwamba 2023, ta na'urar Unitronics mai lambar 1111. Muka sauya, muka ba kowane ma'aikaci tasa.

Babbar matsalar tana cikin modem. An buɗe ƙofa ta 502, wato ɗaya daga cikin mashigan sadarwa masu lamba, ga intanet don injiniya ya riƙa dubawa daga gida. Ta nan Modbus, wato yaren da na'urorin ke sadarwa da shi, ke magana, kuma tun 1979 da aka ƙirƙire shi ba ya tambayar waye kai. Duk wanda ya iso ƙofar zai karanta, zai kuma rubuta. Muka rufe ta, muka sa VPN, wato keɓantacciyar hanyar shiga mai tsaro, muka cire AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, daga kwamfutar ɗakin kula, muka hana sa filashi.

Mutane sun fi tsoron a kashe injin. Wannan da sauƙi, nan da nan gari zai sani. Abin tsoro shi ne na'ura ta yi ƙarya: allo ya nuna kulorin miligiram 0.5 a lita alhali babu komai, a damina, lokacin da ruwan kogi ya zo jawur da laka kuma kwalara ke yawo. Ko a rage awon laka, mai aiki ya rage alif.

Don haka muka mayar da awon hannu. Kowane canjin aiki, a ɗebi ruwa, a jefa ƙwayar DPD mai sauya launin ruwa idan akwai kulorin, a gwada launi, a rubuta a littafi kusa da abin da allo ya nuna. Idan bambanci ya wuce 0.2, a kira injiniya. Sau da yawa datti ne a bakin na'urar, amma sai an duba.

Famfon kulorin kuma muka ƙayyade iyakarsa da maɓallin jikinsa, yadda umarni daga nesa ba zai iya ƙetare ta ba.